A Mayar Gida

Duk wanda ya yi wata guda a kamfanin robobin nan na Sharaɗa inda Isyaku yake riƙe da sito, ya san sunan Koci Zakariyya, ko yana so ko ba ya so. In ka je karɓar safar hannu, sai ka sha labarin kofin tamanin da shida kafin a miƙo maka ita. In takalmin aiki ka je nema, to ka nemi wurin zama, don za a faro maka ne tun daga tamanin da huɗu.

Labarin dai ɗaya ne, ba ya canzawa. A can baya akwai wata masaƙa a Bompai mai ƙungiyar ƙwallo, Koci Zakariyya yake horar da ita, Isyaku kuma yake buga masa lamba biyar. Sau huɗu a jere suka ɗauki kofin masana'antun Kano. Daga baya masaƙar ta rufe, aka mayar da ita ma'ajiyar takin zamani, Koci ya koma gida, Isyaku ya yi ta yawon kamfanoni har furfura ta same shi a cikin bokitai da butoci. Kofunan kuwa babu wanda ya san inda suka shige. Abin da ya rage daga wancan zamanin shi ne bakin Isyaku, kuma bakin bai taɓa gajiya ba.

Wanda ya fara gajiya shi ne Anwar, wani matashi mai duba ingancin kaya, wanda ya san sunan kocin kowace ƙungiya a Turai har da na mataimakansu. Wata rana a teburin mai shayin bakin ƙofa, lokacin hutun rana, ya ajiye kofi ya ce shi fa yana ganin girman Baba Isyaku, amma kocin nan da ake ta faɗa, da a ce yau ne, ko wata guda ba zai yi ba za a sallame shi. Ƙwallon yanzu lissafi ne, in ji shi, ba ihu da usur ba. Isyaku ya ce in dai ƙwallo ne, a ba Koci guragu goma sha ɗaya ya ci kofi da su. Aka yi ta yi har jiniya ta kaɗa.

Da a nan maganar ta tsaya, da babu komai. Sai dai kowace shekara ranar ma'aikata akwai wasa tsakanin ma'aikatan Sharaɗa da na Challawa, kuma shekara shida ke nan 'yan Challawa suna lallasa su. Biyun ƙarshe ma Anwar ne ya horar, da wayarsa da zane-zanensa, aka ci su uku, aka ci su huɗu. Kwamitin wasa da suka ji musun, sai suka ce ai abin ya zo da sauƙi: tunda mutumin yana raye, Isyaku ya je ya ɗauko shi a gani. Isyaku ya buɗe baki zai ce wani abu, ya tuna shekara talatin yana cika baki, ya rufe.

Ya same shi a Ɗorayi, a gidan 'yarsa Hajiya Saudat, zaune a kan benci a ƙofar gida yana kallon masu wucewa kamar yana neman wanda zai saka a tsakiya. Shekararsa saba'in da tara. Tun ranar da aka rufe masaƙa, a casa'in da ɗaya, bai sake kallon ƙwallo ba. Ko a rediyo aka fara labarin wasanni kashewa yake yi, in kuwa jikoki suka kunna a waya sai ya ɗauki butarsa ya fita. Isyaku ya durƙusa ya gaishe shi, ya yi bayani a hankali, yana fatan a ce masa a'a. Koci ya saurara har ƙarshe.

"Ragar tana nan inda take?"

"Tana nan, Koci."

"To mu je."

Ya shiga ciki ya fito da wani usur na ƙarfe da igiyarsa ta koɗe, ya rataya a kan kaftani.

Gaskiya ita ce, kwana ukun farko Isyaku bai taka ƙasa ba don alfahari. Koci bai taɓa ƙwallo ba ranar farko. Jera su ya yi a filin bayan kamfani, yana tambayar kowa wane inji yake tsayawa a kai, aikin safe yake yi ko na dare. Masu tsayuwa a gaban inji awa goma sha biyu ba tare da sun matsa ba, ya tura su baya, ya ce sun riga sun iya abin da yake so. Masu lodin tirela ya zuba su a tsakiya. Sagir, wanda shekara biyar yana buga gaba yana zubar da ƙwallaye, Koci ya kalle shi yana gudu sau biyu kacal ya ce wannan ai lamba biyar ne, mutumin da yake yawan waiwaye ba a sa shi gaba. Sagir ya yi fushi na yini guda, washegari kuma aka rasa mai wuce shi. Anwar ya mayar da wayarsa aljihu. Isyaku kuwa sai bin mutane yake da kallo, ba ya cewa komai, wanda hakan ya fi maganar tasa ciwo.

A rana ta huɗu Koci ya busa usur ya tara su, ya ce yau zai koya musu abin da ya ci kofi huɗu. Sunan abin a mayar gida. In Allah ya ba ka ci ɗaya, in ji shi, to ba ka da sauran aiki a gaba. Ɗan baya ya bugo wa gola, gola ya ɗauka da hannu, ya rungume, ya buga a ƙasa sau biyu, ya mirgina wa ɗan baya, ɗan baya ya sake mayar masa. Haka za a yi ta yi har agogon alƙali ya cika, abokan karawa su yi ta zagaye kamar masu neman makullin da ya ɓata. Ya ce da wannan ya sa wani koci a Challawa ya yi kuka da hawaye a tamanin da biyar.

'Yan wasa suka kalli juna. Babu mutum ɗaya a wurin, har mai sayar da ruwan leda da yake leƙe ta katanga, da bai san cewa tun casa'in da biyu aka hana gola ɗaukar ƙwallon da ɗan wasansa ya bugo masa da ƙafa ba. Shekara guda kacal tsakanin ranar da Koci ya daina kallo da ranar da aka soke abin da sunansa ya tsaya a kai. Isyaku ya san dokar sarai. Abin da bai taɓa zuwa masa a rai ba shi ne Koci bai sani ba, don a wurinsa babu abin da Koci bai sani ba.

Sagir ya bugo ƙwallon baya. Golan, Uwaisu, wani dogo daga Jigawa mai aikin injin narka roba, ya kalli Isyaku. Isyaku ya kalli takalminsa. Uwaisu ya sunkuya ya ɗauka, Koci ya ce madalla, a sake.

Da aka tashi, bayan an sa Koci a adaidaita sahu, 'yan wasa suka kewaye Isyaku. Magana ɗaya ce a bakinsu: dole a gaya wa Koci, kuma babu wanda ya isa ya gaya masa sai wanda ya ɗauko shi. Wannan ya ce shi sa'an jikansa ne. Wancan ya ce a gidansu ba a gyara wa dattijo magana a gaban mutane, kuma ba a samunsa shi kaɗai. Isyaku ya ce su bar masa, ai abu ne mai sauƙi, gobe-goben nan.

Washegari ya raka Koci gida a adaidaita, ya tattaro ƙarfin halinsa wajen gadar sama, ya ce ai Koci zamani ya canza ƙwarai. Koci ya ce ya canza mana, duk nan da gonar rogo ce, ya shiga lissafa masa masu gonakin ɗaya bayan ɗaya har suka iso Ɗorayi. Bayan kwana biyu Isyaku ya je gidan takanas. Hajiya Saudat ta tare shi a soro tana sa masa albarka. Ta ce tun da Baba ya ɗauko usur ɗin nan yake cinye abincinsa tas, ya daina zaman shiru, ya sa an wanke masa farin kaftaninsa na sallah don ranar wasa, kuma babu wanda bai gaya wa ba a masallacin unguwa. Isyaku ya ce ai gaisuwa ce kawai ta kawo shi. Ya sha ruwa ya fito.

Na uku sai ya tura Anwar, tunda shi ne mai baki. Anwar ya ce wannan ƙaramin aiki ne. Aka hango shi ya je ya durƙusa a gaban Koci, ya gaishe shi, ya tambayi mutanen gida, ya tambayi zafi, sannan aka ji yana tambaya wai a wasan ƙarshe na tamanin da shida wa ya fara ci. Ya dawo bayan rabin awa ya ce tsohon nan yana da wani irin kallo.

Haka aka yi kwana ashirin, kullum kwata guda na atisaye yana tafiya a kan abin da doka ta hana. Uwaisu har ya ƙware, yana ɗauka yana rungumewa kamar an ba shi jariri. Isyaku ya kira shi gefe shi da Sagir ya ce ranar wasa, ko Koci ya yi kira, a bugo baya dai, amma Uwaisu ya doke ta gaba da ƙafa, daga baya a ce ruɗewa ce. Uwaisu ya ce to. Abin da ya fi kwantar wa Isyaku da hankali shi ne, shekara shida Sharaɗa ba ta taɓa fara ci ba, kuma in ba a ci ɗaya ba babu abin da za a mayar gida. Ran nan bayan sallar azahar ya tsinci kansa yana roƙon Allah a tashi babu ci. Ya ji kunyar kansa matuƙa, amma bai janye addu'ar ba.

An buga wasan a Bompai bayan la'asar, a wani fili tsakanin manyan ma'ajiyoyi, don kada a ce an yi a gidan wani. Rana ta ɗan yi sanyi amma ƙasa tana huci. 'Yan Challawa, yawancinsu ma'aikatan kamfanonin fata, suka zo da mota biyu da ganga, 'yan Sharaɗa suna tsokanarsu wai tun daga Zoo Road aka jiyo zuwansu da hanci. Kocinsu wani saurayi ne mai abin ji a kunne, ba a san da wa yake magana ba. Koci Zakariyya ya zauna a kujerar roba ta kamfanin su Isyaku, cikin farin kaftani, bai ko kalli katangar tsohuwar masaƙar da take tsallaken titi ba. Wasu tsofaffi da suka ji labari suka zo suna gaishe shi, wani har ya kawo ɗansa ya nuna masa.

Rabin farko Challawa suka yi ta zuwa suna komawa. Masu tsayuwa a gaban inji suka tsaya. Sagir ya waiwaya duk inda ya kamata ya waiwaya. Aka tafi hutu babu ci, Isyaku ya ji addu'arsa tana kan hanya, ya miƙa wa kowa ruwa da fara'a.

Saura minti ashirin a tashi, Sharaɗa ta sami bugun kwana. Koci ya ɗaga yatsa biyu, alamar da ya koya musu. Ƙwallo ta zo ƙasa-ƙasa maimakon sama, wani mai lodi ya tsallake ta, na bayansa ya sa ƙafa, ta faɗa raga. Gefen Sharaɗa ya kece da ihu, mutane suka faɗo cikin fili, Anwar ya rungume mai sayar da rake. Mutum goma sha biyu ne kawai ba su yi murna yadda ta kamata ba: 'yan wasa goma sha ɗaya da suka koma wurarensu kamar masu dawowa daga maƙabarta, da Isyaku.

Challawa suka take, suka yi gaba, Sagir ya ƙwace. Koci ya miƙe tsaye. Ya sa tafukansa biyu a baki, muryar da Isyaku bai ji ba tun yana da gashi baƙi ta ratsa filin.

"A mayar gida!"

Tsofaffin da suka zo suka fara tafi, sannan tafin ya mutu a hannunsu ɗaya bayan ɗaya. Sagir ya juya ya bugo ta baya a hankali. Babu ɗan Challawa ko ɗaya a kusa. Uwaisu ya ja baya taku biyu, ya gyara ƙafar dama zai doka kamar yadda aka shirya, Isyaku ya ga haka ya fara sauke numfashi. Kuskuren Uwaisu ɗaya ne, ya kalli benci. Tsoho yana tsaye cikin farin kaftani a gaban mutum sama da ɗari biyar, ya haɗa hannayensa biyu a ƙirji yana nuna masa yadda ake rungumewa. A garinsu Uwaisu, in dattijo ya ce ka yi abu a gaban jama'a, yi kake yi, in akwai magana a yi ta a gida. Ya sauke ƙafar, ya sunkuya, ya ɗauka, har ya buga ta a ƙasa sau biyu.

Alƙali ya busa. 'Yan Challawa suka yi dariyar da har mai ganga ya kasa kiɗa. Aka ba su bugun tazara a cikin da'irar gola, taku takwas daga raga. Sharaɗa suka jeru a bakin raga su duka, wani ya taɓa, wani ya narka, ƙwallo ta bi ta tsakanin ƙafafu. Ɗaya da ɗaya.

Koci bai yi ihu ba. Ya tako cikin fili a hankali, kamar mai zuwa duba gona, har tsakiya inda alƙali yake. Wayoyi suka tashi sama ta ko'ina. Alƙalin wani malamin makaranta ne daga Na'ibawa, ɗan shekara ashirin da wani abu, kuma ɗan mutunci, don da ya ga wanda yake tahowa sai ya cire usur daga baki ya rage tsawo ya gaishe shi. Koci ya tambaye shi me golansa ya yi. Alƙali ya yi bayani da murya ƙasa-ƙasa. Koci ya tambayi tun yaushe.

"Tun kafin a haife ni, Baba."

Isyaku, wanda ya biyo shi a baya bai san ma ya biyo ba, ya so ƙasa ta tsage.

"Da ƙafa aka hana, ko duka?" in ji Koci.

"Da ƙafa, Baba."

"In da kai ya mayar fa? Ko da ƙirji?"

"Wannan babu laifi."

"To," in ji Koci. "Kana da gaskiya. Ci gaba da aikinka."

A hanyarsa ta fita ya tsaya wajen Sagir ya gaya masa maganganu biyu, ya nuna masa goshi, ya nuna masa inda Uwaisu zai riƙa tsayawa. Minti ɗaya bai cika ba ya samo wata hanyar. Sai dai yanzu babu cin da za a tsare, kuma jikin 'yan wasan ya riga ya mutu. Ana saura minti uku Challawa suka ƙara na biyu. Shekara ta bakwai ke nan.

Mutane suka watse da wuri, kowa yana kallon wayarsa. Tsofaffin nan suka sulale ba sallama. Anwar ya zo ya ɗauki kujerar roba ya tafi da ita. Uwaisu ya zauna a jikin tirken raga ya rufe kansa da riga. Isyaku ya raka Koci bakin titi, suka tsaya jiran adaidaita, tireloli suna wucewa suna girgiza ƙasa.

"Ka sani," in ji Koci. Ba tambaya ba ce sosai.

"Na sani, Koci."

"Su ma?"

"Dukansu."

Isyaku ya shiga bayani. Ya ce ya yi niyya sau uku. Ya ce ganin girmanku ne, da ganin yadda kuke jin daɗi, da abin da Hajiya ta faɗa masa a soro. Ya ce wallahi ba don raini ba ne, shi da ya yi shekara talatin ba ya ambaton sunan kowa sai naku. Yana magana yana jin yadda maganar take fita ba nauyi.

Koci ya bari ya gama. Ya ce lokacin da Isyaku yake buga masa lamba biyar, akwai ranar da ya tsaya a tsakiyar fili ya ɗaga masa murya a gaban manaja cewa tsarin nan ba zai yi ba, kuma ya duba ya ga gaskiya ne, ya canza, aka ci wasan. Ya ce da an gaya masa ranar farko, da kafin magariba ya gyara.

"Ni na ɗauka koci ka je ka ɗauko a Ɗorayi," ya ce. "Ashe tsoho ka ɗauko."

Wani adaidaita ya tsaya. Isyaku ya miƙa hannu zai tallafe shi ya hau, sai ya tuna abin da aka faɗa masa yanzu-yanzu, ya janye hannun da sauri. Koci ya tsaya a bakin keken, ƙafa ɗaya a sama, ya miƙo masa damtsensa da kansa.

"Kama mana," ya ce. "Ai ka riga ka fara."